Kyamara ta faɗi: gyara ko sauyi?

A wani biki a Unguwar Rimi kyamarata Nikon ta suɓuce ta daki siminti. Mai gyarana a titin Ahmadu Bello ya kwance gilashin gaba, ya haska tocila ciki, ya ce, "Maigida, cikinta lafiya lau, zoben da ke riƙe gilashin ne ya karye." Wannan da sauƙi. Da ruwan damina ne ya shige ta, tsatsa ta ci allon wutarta, da na haƙura, don kayan gyaran da farashin dala ake shigo da su. Ni dai in gyara ya haura rabin kuɗin ta hannu, sayarwa nake ga masu cire kaya. Jibi zan karɓo ta, akwai ɗaurin aure a Kawo.