Ina man mota yake tafiya?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ranar kasuwa kowa na kukan tsadar kuɗin mota. Direba kuma na kukan tsadar isansi.

Abu biyu ke shanye man: nauyi da iska. Nauyi kun san shi. Ko jaki aka labta ma buhu biyu, sai ya ja ƙafa. Haka mota take wajen tashi da hawan tudu.

Iska ce ba mu lura da ita ba. Wanda ya taɓa ɗaukar zana bisa kai cikin hunturu ya san yadda take tura mutum baya. In direba ya ninka gudu, daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, turin iskar ninki huɗu yake yi, ba biyu ba. Don haka masu ƙera ƙananan motoci, kamar Toyota Starlet da ta yi aikin taksi a Yamai, suke rage masu nauyi, su kwantar da gilashin gaba, iska ta zame ta wuce.

Mu kuwa a tashar Maradi sai mu tula buhunna da katifa bisa rufin motar, mu maida ta zana. Sa'an nan mu ce ma direba ya taka, muna son isa Damagaram kafin la'asar.