Idan Garkuwar Jiki Ta Kai Hari Gida Biyu

Shaƙuwa da amai da suka ƙi tsayawa kwana da kwanaki ba su cika sa mutum ya kawo ciwon ƙwaƙwalwa a ransa ba. Amma wani lokaci da su cutar NMO ke yin sallama, kafin ta kama jijiyar gani ido ya dusashe, ko ta taɓa laka ƙafafu su shanye. Wani likitan Faransa, Eugène Devic, ya bayyana ta a Liyon a 1894, aka shafe fiye da ƙarni ana ɗaukar ta reshen wata cutar jijiyoyi mai suna MS. Sai a 2004 Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano sinadarin garkuwar da ke haddasa ta, wanda ke afka wa furotin akwaforin-4. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, ta kuma fi yawa a baƙar fata kan Turawa.

Abin da ke rikita likitoci shi ne garkuwar da ta ɓata hanya ba lallai ta tsaya a wuri guda ba. A 2007 Josep Dalmau ya bayyana kumburin ƙwaƙwalwa na NMDA, wanda shi ma garkuwar jiki ke jawowa, mai zuwa da sambatu, rashin barci, gane-gane da farfaɗiya. A wajenmu, da an ga haka a jikin budurwa sai a ce iska ce. Binciken da ya biyo baya ya nuna wasu ƙalilan daga cikin waɗannan majinyata suna ɗauke da sinadarin garkuwar da ke afka wa akwaforin-4, ko wanda ke afka wa furotin MOG ya lalata rigar jijiya. Mutum ya warke daga ruɗewa, bayan watanni ido ya tafi. NMO ɗin ma takan zo tare da wasu cututtukan garkuwar jiki irin su lufus ko mayasteniya.

Sanin ainihin cutar shi ke yanke magani. Intaferon-beta da ake ba masu MS yakan ƙara tsananta NMO. Harin farko ana tare shi da allurar sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya na kwana 3 zuwa 5, in bai ji ba a tace ruwan jini. Magunguna irin su rituximab da azathioprine ke hana shi dawowa. A ganina babban kuskure shi ne likita ya samu suna ɗaya ya rufe fayil.

Duk wanda idonsa ke ciwo in ya juya shi, gani kuma na raguwa cikin 'yan kwanaki, ya garzaya wurin likitan ido ko na jijiyoyi a ranar, ya kuma faɗi duk wata rashin lafiya da ya taɓa yi, har da ta taɓin hankali.