Auna Ƙwazon Makaranta ta Hanyar Daidaitacciyar Jarrabawa

Daidaitacciyar jarrabawa ita ce wadda ake yi wa ɗalibai tambayoyi iri ɗaya, cikin ƙayyadajjen lokaci, a kuma ba da maki da ma'auni guda, kamar jarrabawar WAEC da ta NECO. Bisa al'ada, makarantar da ɗalibanta suka fi samun kiredit ita ake ɗauka ta fi iya koyarwa. Wannan hukunci yana da rauni. Rahoton Coleman, wanda aka fitar a Amurka a 1966, ya nuna cewa yanayin gidan da yaro ya tashi ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Ke nan makarantar da ta tace ɗalibanta tun daga bakin ƙofa tana iya yin fice ko da malamanta ba su taɓuka abin kirki ba.

Wannan ne ya sa masana suka karkata ga auna ƙarin da makaranta ta yi wa ɗalibi. Akan gwada yaro lokacin shigowarsa, a ƙiyasta makin da takwarorinsa masu irin wannan mafari sukan samu, sannan a kwatanta da abin da ya samu a ƙarshe. Tazarar da ke tsakani ita ake jingina wa makaranta. Jihar Tenesi ta Amurka ta karɓi irin wannan tsari na William Sanders a 1992, Ingila kuma ta shigo da nata, wato Progress 8, a 2016.

Sai dai ma'aunin ba ya rasa cikas. A ƙaramin aji, yara biyu ko uku sun isa su karkatar da sakamako. Haka kuma idan aka ɗaura albashi ko ƙarin girma a kan maki, koyarwa takan koma bitar tambayoyin baya. A Atlanta har kotu ta kama malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015 saboda sauya amsoshin ɗalibai.

A Nijeriya akwai ƙarin matsaloli biyu. Makarantu da yawa ba su adana makin shigowar ɗalibi, alhali in babu mafari babu abin kwatantawa. Ta biyu ta fi shafar masu tsara manhaja: yaron da aka koyar da Hausa, aka kuma yi masa tambayar lissafi da Ingilishi, Ingilishinsa aka auna, ba lissafinsa ba. Wajibi ne gwajin farko da na ƙarshe su kasance cikin harshen da aka yi koyarwar da shi.