Jinyar Masu Shaye-shaye Fanni Ne da Ake Koya

A gidajenmu da yawa, idan aka gano yaro yana shan tiramol ko maganin tari mai kodin, ana farawa da faɗa, sai duka, sai kulle a ɗaki. In abin ya gagara a nufi gidan mari. Mai sa'a ne ake kaiwa asibiti, a can ma sai mu ɗauka duk wanda ya rataya abin awon ƙirji ya san yadda zai yi da shi. Iyaye ba mugunta ce ke sa su haka ba. Ba a taɓa gaya musu cewa jinyar mai shaye-shaye fanni ne mai zaman kansa ba, wanda likita ke komawa ya karanta bayan ya gama karatun likitanci.

Dalilin yana cikin jikin mai shan. Idan mutum ya daɗe yana shan ƙwaya, jikinsa yakan saba da ita har ya kasa zama lafiya sai da ita. Ranar da aka raba su sai abin da za mu kira ciwon yaye ya taso, wato azabar da jiki ke shiga idan aka yanke masa abin da ya saba. Ga mai shan kodin, za ka gan shi yana hamma ba tsayawa, hanci na zuba, tsikar jiki a tashe, ga gudawa da ciwon gaɓoɓi. Wahala ce mai tsanani, amma ba ta cika kisa ba. Wanda ya daɗe yana shan giya sosai ko ƙwayoyin barci kuwa, yanke masa farat ɗaya na iya jawo jijjiga da gushewar hankali cikin kwana biyu zuwa uku, har a rasa rai. A ido duk 'yan maye ne, amma jinyar da za ta ceci wannan ba ita ce ta wancan ba. Sanin wannan bambanci shi ake zuwa koyo.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban wajen koyar da fannin. A Holan, a 2007 jami'ar Radboud da ke Nijmegen ta fara ba likitoci horon shekara biyu. Ostareliya tana buƙatar shekara uku na horo mai zurfi. Amurka ta amince da fannin a matsayin reshen ƙwarewa a 2016, inda likitan yara ko na iyali zai iya ƙara shekara ɗaya ya ƙware. Indiya ta ɗora shi kan likitocin ƙwaƙwalwa, da digirin shekara uku a cibiyoyi irin su AIIMS ta Delhi da NIMHANS ta Bengaluru. Nowe ce ta fi zurfafawa: a 2012 ta yanke shawarar mayar da shi cikakken fanni, daidai da tiyata ko likitancin mata. A ganina tsarin Amurka ya fi dacewa da ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su da yawa, domin yana buɗe ƙofa ga likitan da jama'a ke fara gani.

Sai dai fitar da ƙwaya daga jiki shi ne ɓangare mai sauƙi. Aikin watanni yana hannun masanin halayyar ɗan Adam. Ɗaya daga cikin dabarun da ake koya musu ita ce hirar zaburarwa, wadda Ba'amurke William Miller ya fara rubutu a kanta a 1983. Maimakon a ce wa matashi “ka lalata rayuwarka”, sai a tambaye shi me ƙwayar ke yi masa da yake so, kuma me ta raba shi da shi. Ɗan acaɓa zai ce tana cire masa gajiya, sannan da bakinsa ya ambaci kuɗin da ta cinye da matar da ta yi yaji. Hujjar da mutum ya furta da kansa ta fi zama a zuciyarsa. Da gani kamar hira ce kawai, amma sai an koya, an gwada a gaban malami an gyara.

Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya a cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu kuma abin ya zame musu cuta. A cikin duk masu shan, ɗaya cikin huɗu mace ce. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau ba za su iya ɗaukar wannan kaya su kaɗai ba. Senegal ta buɗe cibiya ta musamman a Dakar a 2014, ga kuma shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya da ke horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane matsalar tun da wuri.

Ɗalibanmu na likitanci da na nazarin halayya su dubi wannan fanni, kada su raina shi. Mu kuma iyaye, kafin mu miƙa ɗanmu ga wata cibiya, mu tambaya: akwai likita? Wane horo ya samu kan shaye-shaye? Wa zai riƙa zama da yaron yana sauraronsa? Wurin da aka ga mari ko bulala, a juya.

Mu kuma tambayi shirin da aka yi wa ranar sallama. Wanda ya yi makonni bai sha kodin ko tiramol ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. In ya koma ya sha daidai na da, numfashinsa na iya tsayawa. Saboda haka a karɓi ranar dawowa ganin likita tun kafin a bar harabar asibiti, kuma a san wanda zai raka shi.