Ƙyallayen koyon ɗinki ba shara ba ne

Duk macen da ta fara koyon ɗinkin bargo mai hawa uku a kan keke ta san wannan tari: ƙyallaye masu kauri, cike da zane-zanen da suka karkace, ba su isa bargo ba, kuma rai bai yarda a zubar ba, domin kuɗi aka sa aka sayi yadin da audugar.

Sana'ar ta fi bunƙasa a Amurka. Ana shimfiɗa yadi a ƙasa, a ɗora auduga, a rufe da wani yadin, sannan a ɗinke ukun tare. A salon da ake kira ɗinkin sakin hannu, ana sauke haƙoran nan da ke jan yadi ƙarƙashin allura, ko a rufe su da kwali idan keken tsoho ne, sai mai ɗinki ta riƙa juya yadin da hannuwanta duk inda take so, tamkar mai zanen lalle. Tsawon kowane taki na zare ya dogara ne ga daidaiton gudun ƙafa da na hannu, shi ya sa ba a gwanancewa sai an ɓata ƙyalle da yawa. Ainihin dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lifidin da ake sa wa dawaki a hawan salla na Kano da Katsina hawa uku ne: yadi biyu, da audugar rimi a tsakiya, an bi su da ɗinki.

Kafin uwargida ta ɗauki almakashi, ta fara duba abin da ke cikin ƙyallen. Wannan shi ne babban lamari. Idan abin da aka cusa na roba ne, irin farin sosan nan mai sauƙin kuɗi da ake kira foliyesta, to kada ta kuskura ta yi tsumman sauke tukunya da shi. Zafi yana ratsa shi, yana narkar da shi ya manne a fata. In ana shakka, a tsinko kaɗan a kusanta shi da ashana a tsakar gida: auduga tana ci ta bar toka mai laushi, roba kuwa sai ta dunƙule ta yi tauri. Ko audugar ce, a haɗa ƙyalle biyu, domin hawa ɗaya ba ya tare zafin tukunyar tuwo.

Sai batun yanka. Da zarar almakashi ya ratsa layin ɗinki, zaren zai fara warwarewa daga nan. Maganinsa shi ne a zana girman da ake so da alli, a bi zanen da ɗinki miƙaƙƙe sau ɗaya, sannan a yanke ta bayansa. Baki kuma a rufe shi da siririn yadi mai faɗin santimita 6, a ninka shi biyu a tsawonsa. Na ga ƙyallen da ɗinkinsa ya yi muni ƙwarai ya fito da kyau saboda bakin atamfa mai haske da aka yi masa. Ido bakin yake fara kallo.

Waɗanda ɗinkinsu ya fi kyau su ne na kai wa gaban mutane. Murabba'i mai santimita 20 ya isa abin ɗora butar shayi. Biyu masu santimita 40 sun isa rigar matashi. Dogo guda, in an ninka shi aka sa zif, ya zama jakar waya ko lalitar kuɗin cefane, kaurinsa kuma yana kare gilashin waya in ta faɗi. Da ƙyallaye uku ko huɗu ana iya yi wa yaro gafakar littattafai. Sai dai ba a ɗora baki kan baki, don kauri zai karya allura. A jera su gefe da gefe, a haɗa da ɗinkin zigizag, a lulluɓe mahaɗar da siririn yadi ciki da waje.

Munanan fa, waɗanda zare ya yi kumbo a bayansu kamar gashin ido? Matan Amurka sukan haɗa irinsu su kai gidajen kula da dabbobi, su zama shimfiɗar kyanwa da kare. A gidajenmu aiki na jiransu: gammon ɗaukar tulu, matashin gwiwa ga mai wanki a durƙushe, abin sawa ƙarƙashin keken ɗinki don rage ƙara. Amma kada a yi shimfiɗar jariri da su, domin zaren da ya yi sako-sako yana iya naɗe ɗan yatsa.

Ƙyalle ɗaya kawai nake ba da shawara a bari yadda yake, wato na ranar farko. A rubuta kwanan wata a gefensa, a ajiye cikin akwati, bayan wata 6 a fito da shi a jera da na ranar.