Idan Gemu Ya Tsiro: Iyayen Masu Galahanga a Ingila

A Ingila, muddin yaro mai lalurar galahanga yana ƙarami, uwarsa tana da inda za ta kai kuka: ga makaranta, ga likitan yara, ga ma'aikatan ƙaramar hukuma. Ranar da gemu ya fara tsiro masa kuwa, sai ƙofofin su soma rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yana cika shekara 16 za a sauya tallafin da ake ba shi na yara da wani na manya mai suna PIP, kuma sai an sake nema daga tushe. A 18 doka ta ɗauke shi baligi, har likita na iya ƙin tattauna lafiyarsa da matar da ta haife shi. Takardar EHCP, wadda wata doka ta 2014 ta kawo domin ɗaure hukuma ta biya masa buƙatun karatu da lafiya, tana iya kaiwa shekara 25, amma sai in yana makaranta ko koyon sana'a.

Wannan ya shafi kowa. Abin da ya ƙara wa Bahaushiya nauyi shi ne rashin dangi. A Kano ko Damagaram da kaka ta karɓe shi da hantsi, gwaggo ta ɗauka da la'asar, yaran unguwa ma sun san halinsa. A Mancesta kuwa ita kaɗai ce a bene, maigida yana aikin dare, ɗan ya fi ta tsawo da ƙarfi, kuma motar makaranta ta makara da minti goma ya isa ya birkita masa yini. Hayaniyar taron suna ko walimar Sallah tana sa shi toshe kunne yana kai da komo, mutane na satar kallo. Sannu a hankali sai ta daina zuwa. In an tambaya, a ce Hajiya na fama da hidima.

Ƙungiyoyin iyaye suna nan, kuma ba a yau suka fara ba. Iyaye ne suka kafa National Autistic Society a Landan a 1962, yanzu tana da rassa da 'yan sa kai ke gudanarwa. A zaman irin waɗannan ƙungiyoyi, ana shan shayi, uwa ke jin abin da ba lallai jami'i ya faɗa mata ba: cewa tana iya ɗaukaka ƙara in an soke wa ɗanta EHCP, cewa dokar kula da manya ta 2014 ta ba ita kanta haƙƙin a duba buƙatunta, cewa akwai alawus ga mai kula da wani na sa'a 35 a mako. Sai dai wanda ya shigo da bizar aiki ko ta karatu galibi an haramta masa irin waɗannan kuɗaɗe, kuma namu da yawa a wannan layin suke.

Amma akwai maganganun da ba za ta iya fitarwa a can ba. Yaya za ta bayyana wa Baturiya cewa surukarta ta bugo waya daga gida tana cewa aljanu ne, a kawo yaron a yi masa ruƙiyya? Ko kawun da ya dage a kan a yi masa aure, wai zai natsu? Ga batun tsarki da azumi ga saurayin da ba ya magana, ga 'ya mace da ta fara al'ada, ga tsoron kada a ji labari a ƙi auren ƙannensa. Addu'a ba ta hana neman likita, kowa ya san haka, amma a wayar dare da uwar miji ba kowace suruka ke iya faɗa ba.

Somaliyawa sun riga mu gane wannan. A Bristol wata uwa, Nura Aabe, ta kafa Autism Independence domin iyayen al'ummarta su zauna su yi magana da harshensu. Mu kuwa ƙungiyoyinmu sun ƙware wajen karo-karon jana'iza da shirya hawan Sallah na ɗakin taro, kuma madalla da hakan. Ware sa'a biyu a wata a ɗakin masallaci, a gayyato wanda ya san doka, a samu matasa biyu su zauna da yaran, bai kai wahalar dafa shinkafar mutum ɗari ba. Kuma a kira iyaye maza, domin an cika barin mata da wannan ɗawainiya.

Tambayar da ta fi hana iyayen barci ita ce wa zai riƙe shi bayan ransu. Yawanci babbar 'ya ake hange, ba tare da an tambaye ta ba. Alhali a dokar Ingila, in baligi ba ya iya yanke shawara kan dukiyarsa, zama uwa ko yaya bai wadatar ba: sai an nemi kotu ta naɗa wakili, kuma takardun suna cin watanni.