Kundin Dokokin Iyali: Kafin a Gama Gardama, a Rubuta Aure

Tun shekarun 1970 ake kai ruwa rana a Nijar kan kundin dokokin iyali, kuma har yau ƙasar ba ta da shi. Abin da kotuna ke aiki da shi kashi biyu ne: dokar da aka gada daga Faransa, da al'adun jama'a waɗanda fiƙihun Malikiyya ya ratsa su. Tun 1962 doka ta ba alƙali damar bin al'adar masu ƙara a sha'anin aure, saki da gado, tare da mashawarta da akasarinsu malamai ne.

Daftarin da aka fito da shi a farkon shekarun 1990 ya ci karo da ƙungiyoyin Musulunci. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. A 2011 kuma gwamnatin riƙon ƙwarya ta janye wani sabon daftari. Wuraren saɓanin ba su sauya ba: ikon saki, auren mace fiye da ɗaya, rabon gado, da shekarun aurar da yarinya.

Maƙwabciyarmu Mali ta bi wannan hanya. A watan Agusta na 2009 majalisarta ta zartar da kundi, sai dubban jama'a suka cika filin wasa na Bamako bisa kiran Majalisar Ƙoli ta Musulunci, ƙarƙashin Imam Mahmud Dicko. Shugaba Amadu Tumani Ture ya mayar da kundin majalisa. Wanda aka zartar a Disamba 2011 ya amince da auren da liman ya ɗaura, ya kuma sa shekara 16 ga yarinya. A 2018 kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta ce wannan ƙa'ida ta saɓa wa yarjejeniyoyin da Mali ta sa wa hannu.

Ana wannan ja-in-ja, wa ke ɗanɗana kuɗarsa? Matar da aka saka da baki, ba takarda ba shaida. Gwauruwar da aka nemi takardar aure kafin a ba ta fanshon mijinta. Yaron da ya isa jarrabawa ba shi da takardar haihuwa. Wahalar waɗannan ba ta jiran majalisa.

Ya ku iyaye da waliyyai, akwai abin da ke hannunmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta yi umarni da rubuta bashi, Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta yi umarni da kafa shaidu adalai biyu. In an ɗaura aure, a je ofishin magajin gari a rubuta shi. In rabuwa ta zo, a tabbatar da ita gaban alƙali, a fayyace ciyarwar yara. Takarda ba ta ɗaura aure, amma tana tsare haƙƙin raunana ranar da shaidu suka ƙaura ko suka rasu.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.